Sawun da Dulcie Ba Ta Gane Ba

Ranar da za a zo ɗaukar jarkar, ranar aka wayi gari babu ita.

Beryl Stott ce ta fara gani, kuma abin da Beryl ta gani, to garin Marrabil ya ji. Ita ce shugabar kulob ɗinmu na gara ƙwallo a kan ciyawa, kuma makullin sito a wuyanta yake kwana, tare da sarƙar da mijinta na biyu ya bar mata. Ta iske kwaɗo a kulle lafiya lau, amma an kwance kusoshin mariƙin ƙofar, an jera su a bakin taga kamar kayan talla. Kwanar da jarkar take kuwa, sai zanen gindinta a kan ƙura.

Jarkar dai ba ta zinariya ba ce. Farar roba ce mai famfo a ka, ta man kare fata daga rana, wanda muke ce wa man rana. Shekara biyu tana bakin ƙofar kulob, kowa ya zo ya matsa ya shafa kyauta, don ranar ƙasar nan ba ta wasa da fata. Duk tsohon da ka gani, likita ya taɓa yanke masa wani abu a hanci ko a kunne. Sai bara kamfanin da ke yin man ya yi shela a mayar masa da kayansa, wai an sami guba a wani kaso daga ciki, irin wadda ke lalata jini. Kowa ya mayar da kwalbarsa. Jarkar kulob kaɗai aka manta a sito, da sauran mai kusan rabi. Da mutane daga garuruwa da yawa suka haɗu suka kai kamfanin kotu, lauyarsu ta ce wannan jarkar ita ce shaidar mutanen Marrabil. A ajiye ta a inuwa, kada zafi ya taɓa ta, za ta zo da kanta ta kai a auna. Motar yamma za ta kawo lauyar, a ranar.

Cikin masu ƙarar babu wanda ya kai Des Hargan jin jiki. Ya tsufa yana kula da ciyawar kulob, shi ya fi kowa shafa man nan, yanzu ga shi da sankarar jini. In babu jarka, kamfanin cewa zai yi wa ya san wane mai ya shafa.

Sajan ɗinmu, ɗan sanda ɗaya tilo a garin, ya tafi wani ƙauye kan satar shanu, sai jibi. Don haka aka kira matar Des, Dulcie.

*

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Dulcie tun daga bakin shinge. "Beryl, har da ke. Kin tattake mini rabin labarin."

"Ni? Ni da na gano abin?"

"Ke kika gano, ke kuma kika yi rawa a kai."

Dulcie Hargan gajera ce, baƙa, ƙafafunta kamar icen girki. Kakarta ta koya mata bin sawu tun ba ta san takalmi ba. Ta bi karnukan daji don masu tumaki, ta nemo yaran da suka ɓata, har ta taɓa nemo mijin wata da ya ce ya tafi kamun kifi, aka same shi a gidan da ko ruwan cokali babu kusa da shi. Ba za mu faɗi suna ba, matar tana raye.

Ta durƙusa a ƙofar sito. Ga layin taya ɗaya, baron kulob ne. Ga sawun mai turawa a kan ƙasar da ruwan fesawa na asuba ya jiƙa, wato bayan an shayar da ciyawa aka yi aikin. Sawun kuwa sumul, babu zane ko ɗaya, kamar tafin jariri.

"Takalmin wasa ne," in ji ta.

Aka kalli juna, aka kalli ƙafafun juna. Duk ɗan kulob yana da farin takalmi mai ƙasa sumul, don kada a ƙwarzani ciyawa. Sawu ɗaya, mutum hamsin.

"Wani ne daga kamfanin ya sayi takalmin don ya ruɗe mu," in ji wani daga baya.

Dulcie ta bi layin tayar. Daga sito zuwa ƙofar fita, hanya mafi kusa ita ce a ratsa tsakiyar filin wasa. Ɓarawon bai ratsa ba. Ya bi gefe, ya yi kwana, ya zagaye filin da kaya mai nauyi, tayarsa ba ta taɓa ko ganye ɗaya ba.

"Kun taɓa ganin baƙon da ke sata yana tausaya wa ciyawa?" Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Da ɗan gari akan ci gari."

Akwai abin da ta gani ba ta faɗa ba. Takun gajere ne, ƙafar hagu tana ja, kuma nan da can ga ramuka biyu inda aka sauke ƙafafun baro aka huta. Sawun tsoho ne wanda ya gama tsufa. A wurin ajiye motoci, inda aka zuba tsakuwa, sawun ya ɓace. Rana ta riga ta hau, ta shafe inuwar komai.

Beryl ta matso, ta rage murya yadda ta saba ragewa, wato har na bakin titi ya ji.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma wa ya sayar mana da jarkar? Linh mai kantin magani. Wa ya shiga kulob watan jiya, ya sayi sabon takalmi? Wa mutumin kamfani ya zo wurinta makon da ya wuce, har suka ci abinci tare?"

"Ba ki ce komai ba kuwa," in ji Dulcie.

*

Tsohon da ya fara zuwa ranta shi ne Cecil Tooth. Ya haura casa'in, kuma tun farko ya tsani wannan shari'a. A cewarsa, lauyoyi in sun gama cin kamfani kulob za su juyo, a rufe shi, a bar mutum babu inda zai sha giyar yamma.

Ta same shi a barandarsa, ya rufe ƙafafu da bargo cikin wannan zafi.

"Dulcie! Kin zo neman aurena ne? Ki bari Des ya gama tukuna, ni ba na son abin kunya."

"Bakinka ne zai kashe ka, tsoho. Ina ka je da asuba?"

"Banɗaki. Sau huɗu. Kina son ki bi sawun?"

"An sace jarkar."

"Na ji. Madalla da wanda ya yi. Ni tun ina yaro ban taɓa shafa wannan kunun a fuskata ba, ga ni nan."

"Ga ka nan da rabin kunne."

"Rabin da ya rage yana jin gulma sarai."

Dulcie ta kama bargon ta yaye. Cecil ya yi ƙara kamar an taka kyanwa. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajir kamar tumatir, ciwon gaɓar da ke kama shi in ya cika nama da giya. Farin takalminsa na gefe, an yanke gabansa da wuƙa don yatsan ya sami iska. Wannan takalmin da zai bar sawun da ko makaho zai gane.

Ta mayar masa da bargon a hankali. Da ta so a ce shi ne. Da an yi masa faɗa, an yi dariya, an ɗauko jarka kafin azahar.

*

Ta biya gida da rana. Des yana kwance a gadon baranda, inda ya koma kwana tun da zufar dare ta fara damunsa. Ko takalmin yawonsa na safe bai ajiye daidai ba. Likita ya ce ya riƙa ɗan takawa kafin rana ta fito, shi kuma ya riƙe abin kamar ibada.

"Ka ci wani abu?"

"Ba na jin yunwa." Ya juya fuska ga bango. "An ce an ɗauke ta."

"Zan nemo ta."

"Ki bar ta, Dulcie. Ko an ci shari'ar, jinina zai koma yadda yake ne?"

"Ba zai koma ba. Amma za su faɗa da bakinsu cewa su suka yi."

Ta tsaya tana kallon ƙasusuwan bayansa ta cikin riga. Mutumin da a da yake ɗaukar buhun taki biyu yana fito. Ta ɗauka baƙin ciki ne ya kwantar da shi haka, sai ta ji wani zafi ya taso mata a kan ɓarawon, ko wane ne.

*

An riga an fasa ƙwai a gilashin kantin magani. Linh Pham tana gogewa da tsumma. Yarinya ce siririya, shekararta shida a garin, amma har yanzu "baƙuwar nan" ake ce mata. A Marrabil sai an binne kakanka kake zama ɗan gari.

"Anti Dulcie, tun safe mutum biyu suka zo suka ce daga yau a wani gari za su riƙa sayen magani. Garin da ya fi kusa tafiyar rabin yini ce!"

"Mutumin kamfanin nan, me ya kawo shi?"

Linh ta sunkuyar da kai. "Ya zo kwashe kwalaben da aka mayar. Ya tambaye ni ko akwai saura a gari. Na ce ban sani ba. Ya ce in na tuna, kamfani ba ya manta alheri."

"Kika ci abincinsa."

"Na ci. Na ji tsoron in ƙi ya gane akwai abin da nake ɓoyewa. Ko ɗanɗanonsa ban ji ba."

"Ɗauko mini wancan kwalin na sama."

Linh ta yi mamaki, amma ta tafi ta ɗauko. Dulcie ba kwalin take kallo ba, ƙafafun take kallo. Taku mai tsawo, a kan yatsu, kamar zakara ya hango tsaba. Mutum na iya sauya takalmi, yana iya sauya magana, amma yarinya ba za ta iya yin ƙaryar tsufa tun daga sito har tsakuwa ba tare da ta manta sau ɗaya ba.

"Ba ke ba ce."

"To ki faɗa musu! An ce in zo kulob da yamma, gaban lauya."

"In na ce ba ke ba ce, cewa za su yi to wane ne. Ba ni da shi tukuna."

*

Mai bin sawu da la'asar yake abota. In rana ta karkata, kowace ƙwayar tsakuwa sai ta yi inuwa, ƙasa ta fara magana. Dulcie ta koma wurin ajiye motoci, ta kwantar da kunci kusa da ƙasa. Can ga shi, siririn layi na duwatsun da aka juya cikinsu sama. Bai nufi titi ba. Ba a loda komai a mota ba. Layin ya lanƙwasa ya koma ta ɗaya gefen filin, wajen tsohon tankin ruwa.

Ta bi. Wuraren hutawa sai ƙara kusantar juna suke yi. A wani wuri mutumin ya zauna a ƙasa gaba ɗaya, ga inda ya dafa hannu ya tashi, ga inda hannun ya zame ya sake dafawa. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta yi tsaki ta kore shi.

Sai a kusurwar filin ta ga an sauke baro inda babu dalilin hutawa, don yanzu-yanzu aka huta. Sawun ya bar baron, ya taka zuwa bakin ciyawa. Gwiwa ɗaya a ƙasa. Ga ɗan rami kamar an soka yatsa.

A kan dakalin siminti kuwa ga tsiron aya-aya guda ɗaya, muguwar ciyawar nan mai ƙwaya a saiwa. An tono ta har ƙwayar, ba a tsinke ba. An kwantar da ita saiwa a sama, don rana ta kashe ta.

Dulcie ta zauna a kan dakalin.

Kowa a kulob in ya ga aya-aya fizge ganyen yake ya yar. Mutum ɗaya ne yake bin ta har gindi, yake kifar da ita haka, yana cewa in ba ka nuna wa rana tushenta ba gobe za ta dawo da 'ya'yanta. Mutumin da ko sata yake yi, ko numfashi na neman gagararsa, ba zai iya wuce ta a filinsa ba.

Ta waiwaya ta dubi sawun. Ta san tafiyar Des fiye da tafin hannunta, tana iya tsamo ta a cikin taron kasuwar shanu. Amma waccan tafiyar ta ƙaƙƙarfan mutum ce mai buɗa ƙafa. Wannan mai jan ƙafar, mai faɗuwa a ƙasa, ta kalle shi tun safe ta ba shi shekara casa'in. Ashe a gabanta yake daurewa ya miƙe. Ashe haka ya koma in ba ta nan.

Jarkar tana ƙarƙashin tanki, a wuri mafi sanyi a duk kulob, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna.

Ta yi sauri gida don su yi magana su biyu. Ta tarar ba ya nan. Beryl ta riga ta zo ta ɗauke shi a mota, wai ya kamata lauya ta ga mara lafiya da idonta.

*

Zauren kulob ya cika. Ranar ƙuri'ar farantin nama ce, wanda ƙuri'a ta faɗa masa ya tafi da shi gida, ga shi nan a kan tebur an rufe da leda, amma babu mai kallonsa. Lauyar ta iso, ƙurar hanya har a girarta, tana zaune da jaka a cinya. An ajiye Linh a kujera ita kaɗai a gaba. Har Cecil an turo shi a keken guragu, don ba ya yarda a yi rigima ba shi. Des yana can gefe cikin rigarsa ta zuwa coci, wadda yanzu za ta ɗauki irinsa biyu.

"Mu ba mu zargi kowa ba," Beryl take cewa. "Tambaya kawai muke yi. Me aka ba ki?"

"Ba a ba ni komai ba!"

"Abincin fa?"

Nan Dulcie ta shigo. Ta wuce har teburin, ta buɗe tafin hannunta, ta ajiye tsiron aya-aya kusa da farantin nama, saiwa a sama.

"Jarkar tana nan lafiya," in ji ta. "Wanda ya ɗauke ta ya tsaya a hanya ya yi wannan. Haka na same ta."

Lauyar ta dubi ciyawar, ta dubi mutane, ba ta gane komai ba. Linh ma haka. Amma duk wanda ya daɗe a kulob ya gane, sai kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba sa so. Beryl ta buɗe baki, karo na farko a tarihin garin babu abin da ya fito.

"Ku bar yarinyar nan ta tafi," in ji Des. "Ni ne."

"Kai?" in ji Cecil. "Shari'ar taka ce fa, sakarai!"

"Saboda Tilly," in ji Des. Tilly jikarsu ce, 'yar 'yarsu Raelene da ke aure a birni. "Duk hutu a nan take yini tare da ni. In ɗora ta a gwiwa, in matso man nan, in shafa mata a hanci, a kunne, a ƙeya. Tana zillewa ina cewa ba mai, ba wasa. In za su koma, in cika kwalbar zuma da shi in ba uwarta, in ce na kanti ne mai kyau. Raelene ba ta san daga jarkar nan yake ba. Har yau ban faɗa mata ba." Ya dubi hannayensa. "Muddin ba a auna ba, ina iya cewa wataƙila tamu ba ta cikin masu gubar. In aka auna aka ce tana ciki, to da waɗannan na shafa mata."

Dulcie ta juyo ta dube shi.

"In da guba, Des, tana nan," in ji Dulcie, "ko an auna ko ba a auna ba. Bambancin kawai, ko a duba yarinyar ko kada a duba."

"Na sani."

"To don me ba ka zubar ba?" in ji Beryl, da muryarta ta dawo.

Des ya dube ta kamar ta yi saɓo. "A ina? A ƙasa? Ya bi ruwa ya shiga ciyawa?"

Cecil ya fashe da dariya har yatsansa ya motsa, dariyar ta koma ihu.

"Buhunan fa?" in ji Dulcie. "Wa ya jiƙa su?"

"Ai ta ce kada zafi ya taɓa ta," in ji shi a hankali, yana nuna lauya da haɓa.

Lauyar ta murza goshi. Ba ta ɓoye musu ba. Ta ce jarkar ta bar inda aka kulle ta, kuma lauyoyin kamfani za su kama wannan su yi ta kaɗawa, su ce wa ya san abin da aka zuba a ciki. Za ta tafi da ita duk da haka. Amma sai wani ya tsaya a kotu ya rantse kan duk inda jarkar ta bi, da wanda ya tura ta.

"Zan tsaya," in ji Dulcie, ba ta dubi mijinta ba. "Ƙasa ta rubuta, ni na karanta."

Linh ta tashi za ta fita, sai ta tsaya kusa da Des. "Kawu, gwajin jinin yaro ba wuya. Sau da yawa ba a samun komai. Amma ka kira uwarta yau, ba gobe ba."

Beryl ta rasa yadda ake ba da haƙuri, don ba ta taɓa yi ba. Sai ta sungumi farantin nama, ba a ko jefa ƙuri'a ba, ta danƙa wa Linh. Wanda ya fasa ƙwan kuwa, da safe an ga wata tana wanke gilashin kantin, da sarƙa a wuyanta. Ba za mu faɗi suna ba.

*

Des ya ƙi shiga mota. Suka kama hanyar gida a ƙasa, rana tana gab da faɗuwa, tsuntsayen aku suna ta hayaniya a kan wayoyin lantarki.

"Me zan ce wa Raelene?"

"Abin da ka faɗa a zaure."

"Za ta tsane ni."

"Wataƙila. Na kwana biyu. Ni zan riƙe maka wayar in hannunka ya ƙi."

Suka ci gaba. Ya fara miƙe baya yana buɗa ƙafa, yadda ya saba yi in tana kusa.

"Daina," in ji ta. "Na riga na gani."

Ya tsaya, ya yi numfashi. Sannan ya saki kafaɗunsa, ya ci gaba da ɗan gajeren takunsa, ƙafar hagu tana jan ƙura. Da ya yi nisa kaɗan sai ya ji babu ita a gefensa. Ya waiwaya. Tana baya, kanta a sunkuye, idonta a kan ƙasa.

"Me kike nema kuma? Ai kin kama ɓarawon."

"Yi tafiyarka, tsoho," in ji Dulcie. "Sawunka nake koyo."